Wata Baiwar Allah da Na Sani

Duk ranar Asabar da hantsi, muryar Malam takan tsallako katanga ta shigo gidansa, alhali shi yana can gidan rediyo. Matarsa ba ta damuwa da kunna nasu akwatin. Maƙwabtan dama suna kunnawa, na hagu suna kunnawa, mai shagon bakin layi kuwa har ƙure murya yake yi don masu jiran canji su samu rabonsu.

Malam yana koyar da aikin jarida a kwaleji, kuma shi ke gabatar da shirin zaman iyali da gari ya ɗauka. Mutum ne mai daɗin baki. Ba ya wa'azi, ba ya faɗa, labari kawai yake bayarwa, kuma kusan kullum da jimla ɗaya yake buɗewa: "Akwai wata baiwar Allah da na sani." Da farko matarsa dariya take yi. Ranar da ta zuba gishiri sau biyu a miya, baiwar Allah ma ta zuba. Da ta yi wata guda ba ta magana da ƙanwarta a kan keken ɗinkin mahaifiyarsu, baiwar Allah ma ta yi gaba da tata ƙanwar. Mai shago yakan miƙo mata sabulu yana cewa, "A gaida mana baiwar Allah, a ce ta rage hannu a gishiri." Sai ta harare shi ta wuce, amma ba da zafi ba.

Sana'arta renon 'ya'yan mata ma'aikata. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gida ta share, ta shimfiɗa tabarmi da katifu ƙanana, ta jera fo a bayan ƙofa, ta buga ƙusoshi a bango inda kowane yaro ke da wurin rataye jakarsa. Da safe a kawo su da majina da kuka, da yamma a karɓe su tsaf. Unguwa ta daɗe da mance sunanta; Maman Yara kowa ke ce mata.

Wannan Asabar ɗin tana tsugune a bakin famfo tana wanke zannuwan katifun, sai ta ji Malam ya fara. Baiwar Allah ta haifi ɗa namiji bayan dogon jira, ya yi 'yan watanni ya koma. Baiwar Allah ta ci gaba da wanke kayan jaririn kullum tana shanyawa a igiya, ta kwashe, gobe ta sake wankewa. Ta daina cin abinci, ta zauna tana kallon bango. Mijinta ya gaya wa mutane ta tafi wurin danginta hutawa, alhali asibitin masu taɓin hankali ya kai ta. Har yau tana shan magani, ƙwaya ɗaya da safe.

Ruwa ya cika bokiti yana zuba a kan ƙafarta, ba ta rufe famfon ba.

"Ku kuwa ku ji ikon Allah," in ji muryar, cikin taushin nan da mata ke so. "Yau wannan baiwar Allah, 'ya'yan mutane take reno. Ta rasa ɗaya, Allah ya cika mata ɗaki."

A gidan dama wani ya rage muryar rediyo. Wannan ragewar ta fi komai shiga jikinta.

Da Malam ya dawo, fuskarsa a sake take. Ya cire takalmi yana ba ta labarin yadda layukan waya suka cushe, har mai kula da na'ura ya share hawaye. Ta bari ya zauna, ta ajiye masa ruwa.

"Malam, wa ya ce ka faɗa?"

"Na faɗi me? Kin ji na kama suna?"

"Mata nawa ne a unguwar nan suke renon yara, mijinsu yana magana a rediyo?"

"Ai ba unguwar nan kaɗai ake jin shirin ba, Uwargida. Ke kin ɗauka duniya a bakin layinmu ta ƙare." Ya kurɓi ruwa. "Kuma me na faɗa na kunya? Ciwo ne. Kin yi, kin warke. Ɓoyewar nan da muke yi ita ke kashe mata a ɗaka. Shekara nawa ina koya wa ɗalibai cewa abin da aka rufe shi ke ruɓewa?"

"To kai da ka san haka, don me ka ce wa mutane hutawa na tafi?"

"Lokacin ba ki da ƙarfin ɗauka."

"Yanzu wa ya gaya maka ina da shi?"

"Ni da nake kwana nake tashi da ke?" Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarta. "Yabonki na yi. Ki sake saurara in an maimaita, za ki ji yabo ne daga farko har ƙarshe."

Abin da ya fi ci mata rai ke nan: ba ƙarya yake yi ba. Yabo ne.

Ranar Litinin uwar tagwaye ba ta shigo ba. Daga bakin ƙofa ta tsaya, babu yaran, ta ce ta zo karɓar jakunkunansu ne, kakarsu ta zo daga ƙauye tana son ta riƙa ganinsu. Tana magana tana leƙen ɗakin ta saman kafaɗar Maman Yara, kamar mai neman wani abu da ta daɗe ba ta lura da shi ba. Kafin mako ya fita, ma'aikaciyar banki ta samo wuri kusa da ofis. Malamar firamare ta ce mijinta ne ya ce, ita dai ba ta da ta cewa. Kowace da dalilinta mai kyau, kowace kuma sai ta ƙara da, "Ya jiki?" Tambayar da ba wadda ta taɓa yi mata a da.

Wata yarinya mai wayo, cikin waɗanda suka rage, ta ture kofin shayi ta ce, "Mamana ta ce in kin ba ni abu in ce na ƙoshi."

"To kin ƙoshi?"

Yarinyar ta girgiza kai. Maman Yara ta ɗauke kofin duk da haka, ta zubar a bakin famfo, don kada a tambayi yarinyar a gida ta yi ƙarya.

Mai shago ya daina tsokanarta. Yanzu da hannu biyu yake miƙo mata kaya, yana magana a hankali kamar mai lallaɓa ƙwai. In ta ɗaga murya ta kira yaro, sai ta ji tsakar gidan maƙwabta ya yi tsit. In ta yi shiru, nan ma ta san ana lissafa shirun. Ta fara auna dariyarta. Ta daina shanya kayan yaran a igiyar waje, ta koma bazawa a kan kujeru cikin ɗaki, suna bushewa da warin danshi.

Da abin ya ishe ta, ta shirya ta tafi wurin yayar Malam, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, wadda kuma ita kaɗai yake jin maganarta. Yaya ta saurare ta tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

"Ke dai kin cika son a lallashe ki. Wani mijin da ya ga kin fara kallon bango, gidanku zai mayar da ke ya sa ƙafa ya wuce. Shi ya kai ki asibiti, ya yi jinyarki, ya rufa miki asiri."

"Shi ne kuma ya tone, Yaya."

"Aikinsa ke nan. Mai ɗinki da ƙyalle yake aiki, shi da magana. In bai ɗauko a gida ba, a ina zai ɗauko? Mu nan har labarin yadda mahaifinmu ya mutu da bashin asibiti ya bayar, kin ji na kai ƙara?" Ta hure ƙaiƙayi. "Kuma tsakani da Allah, ke in ɗanki ne kike kai wa wata reno, ba za ki so ki sani ba?"

Wannan tambayar ta biyo ta har gida. Ta juya ta, ta sake juya ta. In ɗanta ne, za ta so ta sani. Amma da za ta so ta ji daga bakin matar, ta kalli idonta, ta ga hannunta a kan yaron, sannan ta yanke. Ba daga akwati a shagon bakin layi ba, tsakanin tallan sabulu da sanarwar rasuwa. Ta ga bambancin sarai, sai dai ta san in ta kai wa Malam, kafin ta rufe baki ya mayar da shi darasi.

Ranar ganin likita ta bi ta doguwar hanya, ta sauka nesa da ƙofar asibitin ta ƙarasa da ƙafa. A kan bencin jira wata matashiya ta matsa mata wuri. Idonta ya faɗa, ɗankwalinta a karkace, wata tsohuwa na riƙe da hannunta.

"Zuwanmu na farko ke nan," in ji tsohuwar, ba a tambaye ta ba. "Tun da ta haihu take haka. Mun yi na gida har mun gaji. Sai muka ji mutumin nan na rediyo yana ba da labarin wata. Na ce wa ubanta, in waccan ta warke har tana riƙe 'ya'yan mutane, tamu ma a gwada. Allah ya saka masa, ita ma matar Allah ya saka mata, ko wace ce."

"Amin," in ji Maman Yara.

Ta dubi matashiyar, ta ga kanta na wancan lokacin, har yadda take murza bakin zane da yatsa. Ta so ta ji daɗi, ta kasa. Ta so ta ji haushi, shi ma ya ƙi zama daidai. Da an tambaye ta, wataƙila da ta yarda. Wataƙila da ta ce a bari sai ta gaya wa iyayen yaran da bakinta, ko a cire maganar reno. Kyauta ce da za ta iya yi, amma an yi ta a madadinta, aka bar ta da biyan kuɗin. Ba ta ba Malam labarin tsohuwar ba. Ta san inda zai ƙare.

Bayan nan ne ɗalibansa suka zo gaishe shi, kamar yadda sukan yi in zango ya ƙare. Suka cika falo da surutu, tana kai musu ruwa. Wata mai gilashi ta biyo ta har ƙofar kicin, ta rusuna.

"Mama, ni dai ina so in ce miki sannu. Ranar da Malam ya sa mana muryarki a aji, ba wanda bai yi kuka ba. Wurin da kika ce har yanzu in kin ɗauki ɗan wani kina jin nauyin naki."

Ta tuna ranar. Da rana ne, yara sun yi barci, ya dawo da wuri ya zauna kusa da ita a bakin gado, ya tambaye ta yadda take ji game da yaron yanzu. Bai katse ta ba ko sau ɗaya. Ta yi ta magana, tana cewa a ranta ashe har yanzu mutumin nan yana iya zama ya ji ta. Wayarsa tana kife a kan matashi.

Ta jira har baƙin suka tafi.

"Ka ɗauki muryata."

Bai musa ba. Ya cire gilashinsa yana gogewa. "Don koyarwa ne. Ina nuna musu yadda ake barin mutum ya yi magana ba a tsoma masa baki ba. Aji ne, Uwargida, ba kasuwa ba."

"Su kana koya musu su ɗauki muryar mutum bai sani ba?"

"A'a. Wannan ai shi ne darasin farko, sai da izini."

"To ni fa?"

Ya dube ta da mamaki na gaskiya. "Ke ai matata ce."

Ta tsaya tana jiran ya ji abin da ya faɗa. Mutumin da ke kama kuskuren ɗalibi daga numfashinsa, bai ji ba. Ya ci gaba: da ya gaya mata, da ta takura, da maganar ba ta fito da gaskiyarta ba, kuma mutuwar yaron ai ba ita kaɗai aka yi wa ba, shi ma ɗansa ne, shi ma yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya same shi.

"To ka faɗi naka mana," ta ce. "Ka ce akwai wani bawan Allah da ka sani, wanda bai iya shiga ɗakin ba sai da aka kwashe kayan. Wanda ya yi wata uku yana kwana a ofis."

Fuskarsa ta ɗaure. "Wannan daban ne. Ni mutane sun san ni."

Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Ƙusoshin bango suka yi ta zama babu jaka. A ƙarshe saura ɗaya, ta ɗan wata nas, yaron da Maman Yara ke kira Kunkuru saboda ya wuce shekara biyu bai fara tafiya ba, sai jan ciki. Ita ce ke tsayar da shi a jikin kujera kullum tana ja da baya kaɗan-kaɗan, tana kiransa. Saboda shi take tashi da safe ta share ɗakin gaba ɗaya, ta shimfiɗa katifu duka kamar sauran ma suna hanya. Nas ɗin kuwa ba ta taɓa ce mata ya jiki ba. Takan zauna bayan aiki ta cire takalmi, su yi hira, har ta gaya mata abin da likitoci suka ce game da ƙafafun yaron, da yadda dangin mijinta ke cewa daga wajenta matsalar ta fito.

Ranar da ta zo da yamma ba ta cire takalmi ba, Maman Yara ta gane.

"Ke ma?"

Nas ta zauna a bakin katifa, ta ɗora yaron a cinya. "Wallahi ba ciwonki ba ne. Ni na san ciwon nan, na san maganin da kike sha. Da a kan wannan ne, ko duk gari sun kwashe nasu, nawa yana nan."

"To mene ne?"

"Asabar ɗin da ta wuce, ya yi maganar dangin miji masu ɗora wa mace laifin ciwon ɗa."

"Ban gaya masa ba. Na rantse miki ban gaya masa ba."

"Na yarda. Wataƙila ma ba mu yake nufi ba, irinmu da yawa. Amma ina cikin motar haya na ji. Na ce yau in ya ce yaron bai fara tafiya ba, na shiga uku a gidan mijina." Ta gyara wa yaron riga. "Yana wucewa ta tsakar gida muna hira, Maman Yara. Yana gaishe mu, yana wasa da yaron. Ni ban san lokacin da yake maƙwabci da lokacin da yake aiki ba. Ke kin sani?"

Maman Yara ta tashi ta ciro jakar daga ƙusa, ta saka kofinsa da ɗan tawul ɗinsa, ta zuge.

"Ki riƙa tsayar da shi a jikin abu mai tauri," ta ce. "Kada ki riƙe masa hannu, ya fi ƙoƙari in ya ga ba mai riƙe shi. Ya kusa."

Kunkuru ya miƙo hannu da aka ɗaga shi, kamar kullum, yana jiran ta ce sai gobe. Ta shafa kansa kawai.

Malam ya same ta zaune a ɗakin, katifu a jingine da bango. Ya tsaya a ƙofa ya dubi ƙusoshin, kuma a karon farko ta ga abin ya taɓa shi. Ya shigo ya zauna a tabarma, a ƙasa, da kayan aikinsa.

"Har nas ɗin?"

"Har ita."

"Ita da ta san asibiti." Ya girgiza kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban zaci zai kai haka ba. Ki yarda da ni, ban zata ba."

Ta yarda. Wani abu ya fara kwancewa a ƙirjinta. Maganar ta taso har bakinta: tsohuwar asibiti, warin kayan da ke bushewa a ɗaki, yadda kwanan nan ta sake fara tsintar kanta tana kallon bango ba ta san tsawon lokacin ba. Wannan na ƙarshen ya kamata wani ya sani. Likita ya ce in abin ya dawo ta gaya wa na kusa da ita tun da wuri, kuma duk duniya ba ta da na kusa kamar mutumin nan.

Ya matso, ya karkata kai, ya ba ta dukkan hankalinsa.

"Da ta zo ɗaukarsa, me ta ce? Yi ƙoƙari ki tuna yadda ta faɗa, da kalmominta."

Ta dube shi. Hannunsa babu waya, aljihunsa ma ba ta ga alama ba. Mai yiwuwa miji ne kawai ke tambayar matarsa. Mai yiwuwa shi kansa bai san wanne ne a cikin biyun ya yi tambayar ba. Ita dai ba ta da hanyar ganewa, kuma ta gaji da biyan kuɗin gwaji.

"Ba ta ce komai ba," ta ce. "Canjin aiki aka yi mata."

"Ke fa? Yaya kike ji?"

"Lafiya lau."

Ya jira, irin jiran da ya iya, wanda ke sa mutane su cika shiru da abin da ke cikinsu. Ta bar shi da shirunsa. Da ya gaji ya tashi, ya ce bari ya watsa ruwa, in akwai abinci a ɗumama masa.

Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba, ba a hana ta ci ko sha ba. In ta kai ƙara, ba ta da tabon da za ta nuna, kuma duk wanda ta gaya wa zai ce mijinta mutumin kirki ne, ya kuwa faɗi gaskiya. Abin da aka ɗauke mata ɗaya ne: wurin da mutum zai yi magana a gidansa, maganar ta tsaya a nan.

Ta ji ƙarar ruwa a banɗaki, ta ji yana gwada wata jimla da ƙarfi, yana sauya mata kalma, kamar yadda yakan yi in Asabar ta matso. Ta ce a ranta yanzu za ta tashi ta ɗora tukunya. Bangon da ke gabanta fari ne, da ɗan tsagu a kusa da taga. Ta zauna tana kallonsa.